Kassim Sarkin Feda da Gidan Gangare

"Duk Kumasi, daga Bantama har Tafo, in aka sami wanda ya fi ni sanin keke, a aske mini gemu da fasasshiyar kwalba."

Abokina, wannan maganar Kassim ce, kuma da ita yake buɗe mana hira kullum, yadda mutanen kirki ke buɗewa da sallama. Gemun da yake ta jinginarwa kuwa gashi bakwai ne, na taɓa ƙirgawa yana barci.

Ni ne Rafi'u mai faci. Rumfata tana gindin wani mangwaro a bakin Zango, a shekarun nan da lori ta fara bin hanyar Tamale, lokacin da in mutum ya wuce a kan keke sai mata su ajiye taɓarya su leƙo. Masu keken Zango duka ba mu cika benci biyu ba, kuma kowace la'asar a wurina ake taruwa. Ba mu da zance sai na taya da sarƙa, wane famfo ne ke cika ciki da wuri, wace ƙararrawa ce ake ji tun daga kasuwa, wa ya hau tudun Bantama bai sauka ya tura ba. A duk waɗannan Kassim ne na ɗaya, a bakinsa.

Dillalin goro ne, dogo, mai faɗin riga. Shi ya naɗa kansa Sarkin Feda, mu kuma a bayan idonsa Buhun Iska muke ce masa. Kekensa kuwa sai ka gani. Ƙararrawa uku, fitila biyu, famfo biyu, laya a wuya, tuntu a sirdi irin na dokin biki. Madubi ma biyu ne, ɗaya na kallon baya, ɗaya na kallon kansa. Takardar da aka naɗo keken da ita daga kanti shekara biyu bai yarda an cire ba, wai kada iska ta ci fenti.

"Ƙararrawa uku ta mece ce, Massa?" in ji Mamudu direba wata rana, Massa wato maigida a bakin mutanen Kumasi. Mamudu namu ne, da keke ya fara kafin ya koma jan lorin wani attajiri, amma bai bar benci ba.

"Jahilci dai ciwo ne," in ji Kassim. "Wannan ta mutane ce, wannan ta awaki, wannan kuma ta manya."

"To in babban mutum ya taho da akuyarsa fa?"

"Sai in haɗa biyu. Ai shi ya sa aka yi wa mutum yatsu."

Aka yi dariya, shi kuma ya ɗauka yabo ne, ya gyara zama.

Yanzu bari in gaya maka abin da ba na dariya ba. Kassim yana da mata, Barkisu mai koko, mace mai haƙurin da ban taɓa ganin irinsa ba. Shekara takwas suna ɗaki ɗaya na haya, yanzu kuma su uku ne: ita, shi, da keke. In ruwan sama ya sauko, inda rufi ba ya yoyo nan ake kai keke, ita ta matsa inda ke ɗiga. Burinta a duniya guda ne, ta sami tsakar gidan da za ta kafa murhunta ba tare da ta nemi izinin kowa ba. Tun asuba take kan tukunya, abin da ta samu tana ƙullewa saboda wannan buri. Duk Zango an san haka, kuma wallahi duk muna taya ta fata.

Sai ga dama ta faɗo. Baba Amidu, tsohon falke, wanda ya yi shekara arba'in yana kai goro arewa da jakuna, ya ce ƙafa ta gaji, zai koma Katsina a binne shi kusa da iyayensa. Gidansa na tsakiyar gangaren da ke sauka rafi, ɗaki huɗu da zaure da rijiya, rufin kwano. Mutum biyu suka nema: Kassim, da Seini.

Seini Bamoshe ne, wato mutumin ƙasar Moshi can arewa, mai sayar da tumaki, shi ma ɗan bencinmu ne, sai dai kana iya wuni da shi ba ka ji muryarsa ba. Kekensa tsoho ne tuɓur, ba fitila, ba madubi, ba ƙararrawa. In ya taho bayan mutum sai ya ce "gafara" a hankali, in ba a ji ba ya sauka ya tura.

Baba Amidu ya ce shi ba ya cikin masu cewa wa ya fi tayi. "Maƙwabtana tsofaffi ne, tare muka yi furfura. Ba zan tafi in bar musu fitina a jikin katanga ba. Ranar Juma'a da hantsi kowa ya zo da goronsa da shaidunsa. Wanda na ga ladabinsa ya kwanta mini, a yi fatiha a raba goro, gida ya zama nasa."

Ka san dai al'ada. Tsoho na zaune a ƙofar gida, ko a kan me kake, doki ne ko jaki ko keke, tun daga nesa za ka sauka, ka tuɓe takalmi, ka durƙusa ka gaishe shi. Yaron goye ma ya san wannan. Abin da ake nema wurin Kassim ke nan, ba ƙari.

"Ladabi?" in ji Kassim a benci, yana kallon kansa a madubi. "Ni na koya wa ladabi gaisuwa. Gidan nan na riga na shiga. Zaure na keke ne, zan sa a yi masa dakali. Seini, kada ka wahalar da ƙafarka, in na tare ka zo ka sha koko."

Seini ya sunkuyar da kai yana murza hularsa. Kwana uku Kassim yana wannan waƙa, har da lissafa inda zai rataye famfo, sai da ni kaina na ɗauka an gama.

Ranar Laraba sai dabara ta faɗo masa, kuma dabarar Kassim ba ta taɓa zuwa ita kaɗai ba.

"Mai sayen gida ba ya zuwa a keke kamar masinja," ya ce. "Mamudu, ranar Juma'a ka ba ni lori. Ni zan tuƙa da kaina har ƙofar Baba."

"Ka iya tuƙi?"

"Mota ai keke ce da ta ci tuwo ta ƙoshi. Ƙafa huɗu maimakon biyu, ka ga ma ta fi sauƙi, ba ta faɗuwa."

Mamudu ya dube mu, muka dube shi, ga kuma lorin tsaye a gefen rumfa. Ya ce, "To, Massa, bismilla. Fara tayar da ita tukuna."

Lorin wancan zamani da hannu ake tayar da ita. Akwai wani lanƙwasasshen ƙarfe da ake zurawa a hancinta a murɗa, kuma in ta ga dama takan mayar da ƙarfen baya da ƙarfin harbin jaki. Mamudu ya fara yi masa bayani. "Babban yatsanka kada ya zagaye ƙarfen, ka ajiye shi gefe, in ta…"

"Ana koya wa kifi iyo?" in ji Kassim. Ya naɗe hannun riga, ya tofa yawu a tafi, ya damƙi ƙarfe da yatsu biyar, ya waiwayo ya tabbatar kowa na kallo, ya murɗa.

Lori ta yi tari sau ɗaya. Abin da muka gani kawai, Sarkin Feda zaune a ƙasa, hula a gabas, shi a yamma, yana riƙe da hannun dama yana karanto addu'o'in da ba mu san ya haddace ba. Kafin a kira magariba wuyan hannun ya kumbura ya yi kamar doya.

"Motar nan ba ta da tarbiyya," ya ce da numfashi ya dawo. "Dama ni ban so in tsorata tsoho da hayaƙi. Keke ya fi mutunci."

Barkisu ta kai shi wurin mai ɗori, aka ce targaɗe ne, aka naɗe. Ta sayo man kaɗanya cike da ƙwarya wurin matan Dagomba don a riƙa shafawa safe da yamma. Riƙe wannan ƙwarya a ranka, za mu dawo kanta.

Ranar Alhamis ya turo keke rumfata da hannu ɗaya.

"Rafi'u, birkin nan yana kuka. In na ja sai ya yi ƙiii kamar an taka ɗan kwikwiyo. Ba zan tsaya gaban Baba da wannan rashin kunya ba."

Na duba. Na ce, "Robar ce ta cinye, ƙarfe ke gogar ƙarfe. Bar shi nan, in yanka maka sabuwa, gobe da sassafe ka ɗauka."

"Keken nawa ya kwana a waje? A rumfar da ɓeraye ke taro?"

"To zauna in yi maka yanzu."

"Kai dai ka cika son aiki. Abin da ke kuka mai yake so. Ƙofa in ta yi kuka me ake sa mata? Jariri in ya yi kuka me ake shafa masa?"

"Kassim, birki ba jariri ba ne. Kada mai ya kusance shi."

"Shekara nawa kana faci, har yau ba ka da madubi ko ɗaya," ya ce, ya juya kekensa ya tafi. Na ji haushi, ba zan ɓoye maka ba, shi ya sa ban bi shi ba. Da na bi shi, da yau Barkisu na da gida, kuma wannan yana damuna har yanzu.

Abin da ya faru a ɗakinsu daga baya Barkisu ta ba ni labari. Safiyar Juma'a ya zauna da ƙwaryar man kaɗanya, maimakon hannu sai ya bi keke. Ya shafe sarƙa, ya shafe feda, ya lafta wa robar birki gaba da baya, ya bi da'irar ƙarfen da robar ke kamawa ya mulke ta har tana walƙiya. Ya ja birki, shiru. Ya ce, "Kin ji? Ladabi ke nan. Rafi'u sai ya zo ya yi karatu."

Saura matsala ɗaya, hannun dama ba ya iya riƙe kan keke. Barkisu ta ce, "Malam, ka taka da ƙafa mana. Ga gidan can, ko tofa yawu ka yi ya isa."

"Sarkin Feda ya je sayen gida a ƙasa? Kawo ɗankwalinki."

Ya sa ta ɗaure masa hannun a jikin kan keken. Ya ce ta ƙara tamkewa, ta ƙara, irin ɗaurin da take wa itace. Ya saki hannun babbar riga ya rufe wurin don kada tsoho ya ga rauni. Aka ɗora kwandon goro a kariyar bayan keke, fari da ja, zaɓaɓɓe, dillali ya zaɓa wa kansa. Da zai tafi ya ce mata, "Ki ɗaure kaya. In rana ta kai kan mangwaro ki taho da mata, a shigo da guɗa."

Ni kuwa ina cikin shaidunsa, ni da Mamudu, don haka tun da wuri muna ƙofar Baba Amidu. An shimfiɗa tabarmi a gindin katanga. Baba na tsakiya a kan buzu da carbi, ga limamin unguwa, ga tsofaffin maƙwabta huɗu. Can sai ga Seini ya gangaro, tun daga saman tudu yake tura kekensa. Ya jingine shi nesa, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa. Hannunsa wayam.

"Ina goronka, Seini?" in ji Baba.

"Baba, ni ya zo gaisuwa kawai," in ji Seini da Hausarsa ta Moshi. "Gida na Kassim ne, kowa ya fadi. Ni ba shi da baki irin nasa. Na zo in ce Allah shi kai ka Katsina lafiya."

Ka ji fa. Abokin takara ya janye da bakinsa. Da Kassim zai rarrafo a wannan lokaci ya ce "ina kwana" kawai, ko da murya irin ta agwagwa, an gama.

Sai muka ji ƙararrawa daga sama. Ta manya ce, na gane ta.

Ya bayyana a kan tudu cikin farar riga mai aska, rawani ya sha naɗi, keke na ƙyalli a rana har yana kashe ido. Ya ɗan tsaya a can sama don a gan shi da kyau, sannan ya sako kai gangare. Na ga lokacin da ya kai inda ya kamata ya sauka. Na ga yatsun hagunsa sun ja birki. Ba kuka kam, ko kaɗan, maganarsa ta tabbata. Keken dai ya ƙara mai.

Ya sake ja. Ya sauke ƙafafu ƙasa, takalman suka yi nasu wuri, ɗaya ya faɗa rijiyar maƙwabta. Ya yunƙura zai yi tsalle, ɗaurin Barkisu ya ce ina. Iska ta cika riga ta yi tim, a ranar sunan da muke kiransa a ɓoye ya fito fili.

Duk da haka bai manta da ladabi ba, a nan kam zan yi masa adalci. Da ya zo daidai tabarma, ya saki kan keke da hannun da ya rage masa, ya ɗaga wa Baba Amidu da liman da dattawa huɗu hannun hagu, daga kan sirdi, a guje, ya ce, "Salamu alai…"

Sauran sallamar a rafi aka ƙarasa ta.

A daidai ƙofar akwai wani dutse da ruwa ya tone. Ƙafar baya ta dake shi, kwandon goro ya yi sama, ya sauko, ya mirgina sau biyu, ya zo bakin buzun Baba ya zauna daram a kan gindinsa. Ko ganyen da aka rufe shi da shi bai goce ba. Ƙura kuwa ta bi ta kan dattawa, liman na ta kakkaɓe gemu.

Daga ƙasa muka jiyo ƙararrawa uku sun yi kuka tare, sannan wani abu ya ce cafal.

Baba Amidu ya ja carbi ɗaya, biyu. Ya ce, "Wane ne wannan?"

Mamudu ya ce, "Mai sayen gida ne, Baba."

"Da hagu ya gaishe mu, ko idona ne?"

"Da hagu ne," in ji liman.

Ni da Mamudu muka ruga ƙasa. Muka tarar da shi zaune cikin taɓo har ƙugu a inda matan Asante ke wanki, rawani ya warware yana bin ruwa, matan sun kewaye shi suna "kose, kose," wato sannu a bakinsu, suna toshe dariya da zane. Ƙafar gaba ta lanƙwashe ta koma kamar faifan da aka zauna a kai. Takardar kanti ta shekara biyu ta jiƙe ta saɓule. Madubi ɗaya ya tsira, na kallon kansa.

Abin da ya fara ce mini shi ne, "Ka dai ji bai yi kuka ba."

Muka yi muka yi mu kwance ɗankwalin, ruwa ya sa ƙullin ya ƙara cijewa, ba kuma mai wuƙa a cikinmu. Haka muka hauro da su manne da juna, Mamudu na ɗauke da gindin keke, ni ina tallafe da mai keke, taɓo na ɗiga.

Muna isowa muka ji ana shafa fatiha. Baba ya ce wa Seini ya gyara zama, gida nasa ne. Seini ya ce ai bai zo da goro ba, liman ya ce ga goro Allah ya kawo har bakin buzu, kuma ba a mayar da abin da ya zo da ƙafarsa. Aka buɗe kwando ana rabawa, dattawa na yaba zaɓin.

Ba a gama ba sai guɗa ta tashi daga saman tudu. Rana ta kai kan mangwaro. Ga Barkisu a gaba da babbar tukunyar koko a ka, ta ci ado da sabon zane, bayanta mata takwas da tabarmi da turmi da akwati. Tun da safe ta sallami mai ɗakin haya, har ya zuba kayan wani.

Guɗar ta mutu a hankali, daga gaba zuwa baya. Barkisu ta dubi Seini da ake wa barka. Ta dubi goron da ke hannun mutane, ta gane kwandon. Sannan ta dubi mijinta, da ɗankwalinta a hannunsa. Ni kam da zagi ta yi, da ya fi mini sauƙi a kan wannan kallo.

Seini ne ya tashi, ya je gabanta ya rusuna. "Uwargida, sauke kaya. Daki hudu ya yi mini yawa. Dauki na kusa da rijiya, haya kadan. Murhu kuma sa inda kin so."

Ta sauke tukunyar a hankali. Ta ce, "Na gode, Malam Seini. Amma ɗakin na mutum biyu ne. Na ukun ya kwana da tumaki."

Kai ka ce a nan Buhun Iska zai saki sauran iskarsa ya yi shiru. Ina. Ya ja kekensa har bakin tabarma, ya yi ƙoƙarin durƙusawa, keken ya durƙusa tare da shi, ƙararrawar awaki ta yi ƙara.

"Baba, a duba lamarin nan," ya ce. "Ai na zo a kan lokaci. Kowa shaida ne na yi sallama. Goron da ake ci ma nawa ne."

Baba Amidu ya sa hannu a kwando, ya zaɓi ƙwaya ɗaya, ya ɓare, ya miƙa masa rabi.

"Naka ne, ɗana, kuma ya sha tarbiyya," ya ce. "Ku biyu kuka taho a kan keken nan, shi kaɗai ya sauka ya gaishe ni."